Zuma da man habbatus sauda: wa zai sha, wa zai shafa, wa za a hana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Garwa. Maigidana ya fi wata huɗu yana fama da zafi a ƙahon zuci, musamman cikin dare, ga kumburin ciki. 'Yata mai shekara 16 ƙuraje sun cika mata fuska, ƙanenta kuma yana da wani tabo a kai, gashin wurin yana kakkaryewa. Wani mai magani a kasuwa ya sayar mana da kwalbar zuma haɗe da man habbatus sauda, ya ce kowa ya sha safe da yamma, a shafa a jiki, har jaririna ɗan wata takwas a riƙa lasa masa. Shin wannan haɗin yana magani? Kuma yaya ake amfani da shi?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya raya miki zuri'a.

Da jaririn zan fara, domin nasa ne ba ya jira. Kada ki lasa masa, ko da a kan yatsa ne. Yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma kowace iri, ta daji ko ta kanti, ɗanya ko dafaffa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa da ƙura, likitoci suna kiranta Clostridium botulinum, irinta yakan shiga zuma. Babba ya sha ba abin da zai same shi, saboda hanjinsa cike yake da wasu ƙwayoyin masu amfani da ke hana ta sakewa. Hanjin jariri bai kai nan ba. Sai ta tsiro a ciki, ta fitar da dafi mai kashe ƙarfin jijiya. Yaro ya daina kashi kwana da kwanaki, tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya shaƙe, wuyansa ya kasa ɗaukar kansa, idan abin ya yi nisa har numfashi ya gagara. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru sai a ɗakin da ke da injin taimakon numfashi, kin kuwa san irin wannan ɗakin ba a kowane gari muke da shi ba. Tafasa zumar a gida ba ta kashe irin ƙwayar. Na san kakanni sukan ce ai da zuma ake buɗe bakin jinjiri. Abin da ya zo a hadisi na tauna wa jariri abu a goga masa a ganɗa, da dabino ya zo. Shi kuma man, haɗarinsa daban ne: idan aka ɗura wa ƙaramin yaro mai yana kuka yana fizge-fizge, yakan sarƙe, man ya gangara huhu ya zauna, ya haifar da ciwon huhu mai wuyar ganewa. In har an riga an lasa masa, kada hankalinki ya tashi, ki dai daina, ki sa masa ido na wasu makonni. Kin ga ɗaya daga cikin alamun nan, asibiti a ranar.

To, sauran mutanen gidan.

Na fi shekara ashirin ina aikin farmasi, kuma a gidana ba a rasa zuma, ba a rasa habba. Ina faɗin haka ne don kada ki ɗauka ina cikin masu raina abin da muka gada. Allah ya ce game da zuma a Suratun Nahli, aya ta 69, akwai waraka a cikinta ga mutane. Hadisin habbatus sauda, cewa waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma akwai wani hadisin a cikin Muslim wanda masu tallar kwalba ba sa karantowa: kowace cuta tana da magani, idan maganin ya dace da cutar sai a warke da izinin Allah. Dacewar nan ita ce aikin. Kuma a ruwayar Bukhari da wani ya kwatanta yadda za a yi wa marar lafiya amfani da habba, ƙwaya biyar ko bakwai ya ce a daka, bai ce a cika ludayi ba. Ke yanzu a gidanki akwai ciwo uku, kowanne da sanadinsa, an ba ki kwalba ɗaya. A nan matsalar take.

Ita zuma, kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, ruwanta bai wuce kashi 17 zuwa 18 ba idan ta nuna sosai a cikin saƙa. Wannan kaurin ne ƙarfinta na farko: tana zuƙe ruwan jikin ƙwayar cuta har ta kasa rayuwa. Tana da ɗan tsami wanda zaƙi ke rufewa, yawancin ƙwayoyin cuta kuwa ba sa son tsami. Sannan ƙudan zuma yana zuba mata wani sinadari daga jikinsa, wanda idan zumar ta haɗu da danshi, kamar danshin rauni, yake sakin irin ruwan wanke ciwon nan mai kumfa da ake sayarwa a farmasi, amma kaɗan-kaɗan yadda ba zai ƙona nama ba. Ki lura da abu ɗaya: duk waɗannan suna aiki ne inda zumar ta zauna da kaurinta, ta daɗe. A kan rauni tana iya yin haka. A cikin tumbi kuwa, cokali ɗaya ne ya faɗa cikin ruwa da asid da abinci, nan da nan ya narke ya wuce. Shi ya sa shaidar amfanin zuma a kan fata ta fi ta cikin ciki ƙarfi nesa ba kusa ba.

Man habba kuma, fiye da rabinsa irin kitsen nan ne marar daskarewa da ake samu a man sunfulawa, sai wani ɗan kaso mai ƙamshi da yaji, a cikinsa ne ake samun sinadarin timokwinon wanda masu bincike suka fi mayar da hankali a kai. Shi ne yake rage kumburi, yake taɓa wasu ƙwayoyin cuta, kuma shi ne dai yake ƙona fatar wasu mutane. Ƙarfinsa ya bambanta ƙwarai daga kwalba zuwa kwalba, gwargwadon ƙasar da aka noma habbar da yadda aka tatse ta.

Haɗa su ba laifi ba ne. Zuma tana rufe ɗacin man, tana sa ya shiga maƙogwaro ba tare da ya tayar da zuciya ba. Abin da ba na so shi ne a sayo su a haɗe. Mai ba ya narkewa cikin zuma, yana tasowa sama, don haka cokalin farko na kwalbar kusan mai ne zalla, na ƙarshe kuwa zaƙi ne kawai. Ba ki san yawan abin da maigida yake sha ba. Ƙamshin habba kuma yana da ƙarfin da zai ɓoye komai: zumar da aka ƙara wa dafaffen suga, ko man gyaɗa da aka ɗiga wa habba kaɗan. Ki sayi kowanne daban, ki haɗa da hannunki a cokali lokacin da za a sha. Tunda ana maganar maigida, bari in tsoma wannan: zumar nan ta 'yan ƙananan leda da ake cewa ta ƙarin ƙarfin maza, hukumomin Faransa da na Amurka sun sha auna irinta su tarar an zuba mata magungunan ƙarfin maza na asibiti, sildenafil ko tadalafil, a ɓoye. Ga mai ciwon zuciya da ke shan wasu magunguna, wannan na iya sa jininsa ya faɗi warwas. Kada ta shigo gidanki da sunan zuma.

Yanzu cikin maigida, wanda shi ne ya fi damuna bayan jaririn. Zafi a ƙahon zuci da ke tashin mutum cikin dare, wata huɗu, wannan siffar gyambon ciki ce, wato olsa, har sai awo ya nuna ba ita ba ce. Mutanenmu sukan ɗora laifin a kan yunwa da yaji da tunani. Waɗannan suna tsananta zafin, amma manyan masu haddasa gyambon biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda ke zama a bangon tumbi shekara da shekaru, yawanci tun yarinta ake ɗaukarta, kuma a ƙasashenmu ta yi yawa ƙwarai. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a farkon shekarun 1980, aka ba su kyautar Nobel a 2005 saboda haka. Na biyu shi ne magungunan ciwon jiki: diclofenac, ibuprofen, aspirin da danginsu, waɗanda ake saya a faranti a bakin tasha kamar alewa.

Wani ɗan acaba ya taɓa shigowa wurina da hantsi, ya jingina da kanta yana haki, leɓensa fari fat. Zuma ya zo tambaya, wai tasa ta ƙare, ko na san inda ake samun mai kyau. Na ja fatar idonsa ƙasa, ba ɗigon ja a ciki. Na ce masa yaya kalar bayan gidanka? Ya yi shiru, sannan ya ce baƙi, kamar kwalta, yau kwana biyar. Ya zaro wata leda daga aljihun gaba, ƙwayoyin diclofenac ne tsirara, biyu yake haɗiya da asuba kafin ya hau babur saboda ciwon baya, biyu da dare. Wata uku yana shan zuma da man habba kullum safe, kuma da gaske zafin yakan lafa masa na ɗan lokaci, shi ya sa bai je ko'ina ba. Jini ne yake tsiyaya a cikinsa duk kwanakin nan. Sai da aka ƙara masa jini a daren. Zumar ba ita ta yi masa illa ba, amma ita ta riƙe shi a gida. Don haka tambaya ta farko da za ki yi wa maigida yau: wane maganin ciwon jiki yake sha? Ki duba aljihunsa da durowar gefen gado. In irin waɗannan ne, ya ajiye su, ya koma paracetamol kafin ya ga likita. In kuwa likita ne ya ɗora shi a kan aspirin saboda zuciya, kada ya yanke da kansa, ya koma ya faɗa masa halin da ake ciki.

An gwada habba a kan ƙwayar nan, kuma sakamakon yana da ban sha'awa. A wani bincike da aka buga a Saudiyya a 2010, an raba mutum 88 kashi huɗu. Waɗanda aka ba cikakken maganin asibiti, ƙwayar ta mutu a jikin kusan kashi 83 cikin 100. Waɗanda aka ba gram 2 na garin habba a rana tare da omeprazole, maganin rage asid na ciki, kusan kashi 67. Waɗanda aka ba gram 3 kuwa ba su kai rabi ba. Kin ga abu biyu a nan: habba tana taɓa ƙwayar, amma ba ta kamo maganin asibiti ba, kuma ƙara yawa bai ƙara amfani ba. A Iran ma an gwada haɗin zuma da man habba a 2015 a kan mutum 70 masu ƙwarnafi da kumburin ciki wanda ba a samu gyambo a tare da shi ba, na tsawon mako takwas, waɗanda suka sha suka fi samun sauƙi. Amma dukkansu suna shan maganin rage asid a lokacin. Haɗin ƙari aka yi da shi a kan magani. Haka ni ma nake ganin matsayinsa.

Abin da ya kamata maigida ya yi shi ne awon ƙwayar. Na bayan gida ko na numfashi sun fi, domin awon jini yana iya nuna tsohuwar cutar da ta riga ta wuce. Idan yana shan omeprazole ko danginsa, ana dakatar da shi mako biyu kafin awon, in kuma ya sha antibayotik sai an bar mako huɗu, in ba haka ba sakamakon zai ce babu alhali akwai. Idan an same ta, maganin kwana 10 zuwa 14 ne, antibayotik biyu ko fiye tare da mai rage asid. Yana da ɗaci a baki, yakan sa tashin zuciya, mutane da yawa sukan watsar a kwana na biyar da zarar zafi ya lafa. Ki tsaya masa ya shanye. Wanda ya yanke a tsakiya, ƙwayar takan dawo ta fi da taurin kai. Amma idan akwai baƙin bayan gida, ko aman jini ko amai mai kama da dusar kofi, ko rama ba dalili, ko abinci yana tsaya masa a ƙirji, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko shekarunsa sun haura hamsin kuma ciwon sabo ne, to ba maganar jiran awo, likita zai gani da gaggawa, wataƙila a leƙa cikin da na'ura, abin da ake ce wa fibroskopi.

In yana son ya sha haɗin tare da maganinsa, ga yadda nake faɗa wa mutanena. Rabin cokalin shayi na man, a cikin cokalin shayi ɗaya ko biyu na zuma, sau ɗaya a rana, bayan ya ci abinci. Masu cewa a sha da sassafe ciki ba komai, ga mai gyambo wannan yakan ƙara ƙuna da gyatsa mai ɗaci. Kada man ya wuce cokalin shayi ɗaya a yini. Ya yi wata guda ya tsaya ya duba ko akwai bambanci. Idan yana da ciwon suga, ya sani cokalin cin abinci ɗaya na zuma yana ɗauke da suga wajen gram 17, kuma jiki ba ya tambayar daga amya ya fito ko daga rake. Man habba kuma yana ɗan sauke suga da hawan jini, wanda ke kan magungunan waɗannan sai ya riƙa awo, ya kuma gaya wa likitansa. Mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata nan kusa, su bar man. Mai ciki ma ta tsaya a ɗan abin da ake barbaɗawa a abinci. Wani kuma zumar ce da kanta take kumbura masa ciki, saboda nau'in sugan da ya fi yawa a cikinta ba kowane hanji ne yake iya tsotse shi da yawa ba. Idan kumburin maigida ya ƙaru tun da aka fara shan kwalbar nan, ga inda za ki duba.

Gudawa ba ta cikin tambayarki, amma gida mai yara ba ya rabuwa da ita. Maganinta na farko ruwan gishiri da suga ne na leda, tare da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Kada a ba mai gudawa mai. Inda zuma take da amfani sosai ga yara shi ne tarin mura: cokalin shayi ɗaya kafin barci, ga wanda ya haura shekara ɗaya.

Sai 'yan makaranta. Ƙurajen fuska a shekara 16 na balaga ne: fata tana fitar da maiƙo da yawa, ƙofofin gashi suna toshewa. Fuskar da maiƙo ya riga ya yi wa yawa, ba a ƙara mata mai a kwana da shi. Wata uwa ta taɓa kawo mini 'yarta da mayafi rufe da rabin fuska. Da ta yaye, goshi da kumatu sun yi jawur, sun tashi ƙananan bororo masu ruwa kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, fatar idon ta kumbura har ba ta buɗewa sosai. Kwana huɗu tana shafa man habba zalla kafin ta kwanta. Da ƙaiƙayi ya fara a kwana na biyu, sai aka ce mata ai cutar ce take fitowa, ta ƙara. Ba cuta ce take fita ba, fatar ce ta ƙi man. Bororon ya warke cikin mako biyu, baƙin tabon da ya bari kuwa ya fi wata shida, kuma tabon ne ya fi sa yarinyar kuka. Likitocin fata a Faransa sun ruwaito irin wannan, har da waɗanda sai da aka kwantar da su a asibiti. Duk wanda zai shafa man habba, ya fara sirka ɗigo biyu a cokalin man kaɗe ko man riɗi, ya shafa a cikin dantse wuri ɗaya, kwana uku a jere. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, shi da man sun rabu ke nan.

Ga 'yarki, zumar kaɗai ta isa in tana so: ta wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, ta shafa zuma sama-sama, minti goma sha biyar, ta ɗauraye, sau biyu a mako. Yana lausasa fata, yana rage jan ƙurji, amma ba ya buɗe ƙofofin da suka toshe. Mai yin wannan aikin shi ne benzoyl peroxide ko adapalene, ana samunsu a farmasi, a fara da kaɗan da dare, kuma sai an yi haƙurin mako takwas zuwa goma sha biyu. Adapalene ba na mai ciki ba ne. Ta daina matsa su da farce. Sannan ki zauna da ita ki tambaye ta a hankali wane mai take shafawa, har wanda ƙawaye suke ba ta. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da clobetasol ko betamethasone, su kansu suna fesar da ƙuraje, suna sirantar da fata. Ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta haramta irin kayan nan masu hydroquinone da makamantansa a 2022, amma har yanzu ba su bar kasuwa ba. In shi ne sanadin, duk zumar Adamawa ba za ta gyara fuskar ba sai an daina.

Tabon kan yaron, mai zagaye, da ɓawo-ɓawo, gashi yana karyewa, ya yi kama da makero. Ƙwayar da ke kawo shi dangin funfuna ce, kuma tana shiga har cikin silin gashi, inda abin shafawa ba ya kaiwa. Maganinsa na sha ne, griseofulvin, mako shida zuwa takwas, a auna gwargwadon nauyin yaron, a riƙa ba shi tare da abinci mai maiƙo don ya shiga jiki sosai. Idan aka tsaya shafe-shafe, wurin yakan kumbura ya yi ruwa, in ya warke ya bar sanƙo na har abada. Yana yaɗuwa ta hula, matashin kai, mataji da askar wanzami, don haka a duba kan sauran yaran, a ware masa kayansa. Haka ƙazuwa, idan kin ga gida ya ɗauki susa cikin dare, ga ƙuraje a tsakanin yatsu, maganinta benzyl benzoate ko permethrin, kowa da kowa a rana ɗaya, a wanke tufafi da zannuwa. Ƙyasbi da amosanin kai kuwa, ƙwayar da ke kawo su da maiƙo take rayuwa, yawan labta musu mai ciyar da ita ne.

Inda zan yaba zuma da babbar murya shi ne ƙuna da ƙananan raunuka. Wani babban nazari na cibiyar Cochrane a 2015, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna ƙunar da ba ta ci fata duka ba tana warkewa da zuma da kwana huɗu zuwa biyar kafin wadda aka yi wa ɗaurin da aka saba. A asibitocin Turai akwai zumar ɗaurin ciwo ta musamman, wadda aka kashe wa ƙwayoyi da haske ba da wuta ba. A gida, in yaro ya taɓa tukunya ko shayi ya zubo masa, abu na farko ruwa ne mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwararawa minti ashirin. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da baƙin mai. Idan wurin ƙarami ne kuma sama-sama, a shafa zuma mai tsabta a kan kompires, wato kyallen ɗaurin ciwo na farmasi, a rufe, a canza kullum. Zuma kaɗai, kada man habba ya kusanci buɗaɗɗen ciwo. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko ta fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko wadda ta yi fari ba ta zafi, ko ta jariri, wannan ta asibiti ce. Haka ciwon ƙafar mai suga, komai ƙanƙantarsa. Gyambon da ya haura wata bai rufe ba shi ma a kai shi a gani, domin a yankinmu akwai gyambunan da ke da nasu maganin daban, irin wanda ɗan ƙaramin ƙuda ke kawowa a wajen Mokolo, da gyambon Buruli da aka sani a wajen Bankim.

Kaushi da faso na hunturu kuwa ba sa buƙatar kwalba mai tsada. Man kaɗe bayan wanka, jiki da sauran danshi, ya wadatar.

Mayukan da ake tatsa daga 'ya'yan tsirrai, mutane sukan ɗauka duk ɗaya ne da man habba. Man darbejiya, wanda ake tatsa da yawa a wajen Marwa, na shafawa ne da feshin gona, ba na sha ba. An sha samun yaran da aka ɗura wa shi suka kama amai da jijjiga, suka fita hayyacinsu. Man zurma kuma yana murɗa hanji da ƙarfi, yana iya tayar wa mai ciki da naƙuda. Man riɗi abinci ne, a ci shi a matsayin abinci.

Game da samun zuma ta gari, mu nan Allah ya hore mana, tudun Adamawa na bayanmu, Ngaundal da Maiganga da Tibati duk ƙasar zuma ce. Ina yaro na bi wani kawuna ɗibar zuma a wajen Ngaundal. Da dare ake hawa, da damin ciyawa mai hayaƙi, a sauko da amya daga reshe. Abin da na riƙe daga wannan daren shi ne yadda ya zauna da fitila yana rarraba saƙar kashi biyu. Wadda ƙudan ya riga ya toshe bakinta da kaki, ita yake sawa a ƙwarya ɗaya, ya bar ta ta tsiyaya da kanta ta cikin kyalle. Wadda take buɗe, da mai 'ya'ya a ciki, ya ware gefe, ya ce wannan ta sha ce yanzu, ba ta ajiya ba. Daga baya a makaranta na gane dalilinsa. Saƙar da ba a toshe ba ruwanta ya yi yawa, kuma zumar da ruwanta ya haura kashi 20 cikin 100 takan yi tsami, ta yi kumfa, ta kumbura jarka. Masu gaggawa kuwa sukan haɗa komai su ɗora a wuta don kakin ya narke, zafin ya kashe sinadarin nan da ke aiki a kan rauni, zumar ta yi baƙi da ƙaurin hayaƙi. Don haka ki tambayi mai sayarwa: tatsa aka yi ko dafawa? Ki shinshina, ki duba kumfa a wuyan kwalba. Gwajin ashana, da na ɗigawa a ruwa, da cewa wai tururuwa ba ta bin ta gaskiya, duk ba abin dogaro ba ne, dafaffen suga mai kauri yana cin waɗannan gwaje-gwajen. Daskarewa kuma ba alamar algus ba ce, zuma ta gaske tana yin tsaki-tsaki idan ta daɗe, sai a tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Mafi aminci shi ne ki san mutumin da ya san mai amyar.

Zuma tana shekara ba ta lalace ba in an rufe ta, ba a sa mata jiƙaƙƙen cokali ba. Man habba ba haka yake ba. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da yake haura digiri 40, yana lalata shi cikin 'yan watanni, balle kwalbar da ta wuni a rana a kan tebur a kasuwa. Ki sayi ƙarama, mai duhun gilashi, mai kwanan wata a jiki, ki ajiye a firji ko a wuri mafi sanyi a ɗaki. In ya fara warin tsohon fenti, a zubar. In kuma ba ki samu wanda kika yarda da shi ba, ki sayi ƙwayar habbar da idonki ya gani, ki daka rabin cokalin shayi ki gauraya da zumar.

Kwalbar da ke hannunki yanzu, ki ɗauke ta daga inda yara suke kaiwa. Yaron mai tabo da babansa su tafi asibiti tare cikin makon nan, a tafi da duk ledar maganin da maigida yake sha don likita ya gani da idonsa. Idan sakamakon awon ya fito, ki turo mini abin da aka rubuta masa, in nuna miki yadda zai jera shan su da lokutan abincinsa. Allah ya ƙara sauƙi.